Malam Hali, Mai Shayar da Ciyawa

Ina kasuwar Goronyo ina cinikin tiyon injin ban-ruwa wayata ta yi ƙara. Kulu ce, ƙanwata. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Yaya, aje abin da kake yi ka taho. Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi da kansa ya aike ni da safen ranar, yana jingine da bango, zazzaɓin ya sake shi har ya sha kunu. Na bar tiyon a hannun mai shi na hau mota zuwa Wurno, na tarar ana ɗinkin likkafani.

Sunansa Malam Haliru, ana ce mishi Malam Hali. Amma a fadama wani suna sunka laƙa mishi: Mai Shayar da Ciyawa. Da ba'a anka fara shi, kuma ya mutu bai taɓa hana kowa faɗinsa ba. Ni ne babban ɗansa, karatuna bai yi nisa ba, amma na yi shekaru ina bayansa da kalme, wato fartanya, na ga abin da na gani, kuma shi zan rubuta.

Ga asalin sunan. Idan an yanke shinkafa, rani ya kama, kowa yana gaggawar feshe gonarsa da maganin ciyawa ya dasa. Baba sai ya gyara fangalai, ya tada inji, ya sakar wa ƙasa ruwa babu ko ƙwayar iri a cikinta. Ya koma gida. Bayan 'yan kwanaki fili ya yi kore shar da jaririyar ciyawa, sai mu shiga da kalme mu kankare ta sama-sama, rana ta ƙarasa ta. Sannan a dasa albasa. Masu wucewa bisa babur su tsaya su ce, "Malam Hali, ya amfanin gona? Ciyawar ta yi kyau bana!" Ya ɗago ya ce, "Alhamdulillahi. Kiran ta ni yi, ta amsa. Taku tana nan ƙasa tana jiranku."

Bai haramta magani ba, kada wani ya ƙara mishi abin da bai faɗa ba. Yana da kwalba ɗaya a rataye can saman rumbu inda yara ba su kai. In ciyawar kirikiri ta kafe a gefen kwalbati ta gagari hannu, zai ɗaure baki da rawani ya fesa wurin kawai. Abin da ya ƙi shi ne a mayar da feshi noma. Yakan ce, "In kas shuka abu guda shekara da shekaru, ciyawarshi ta san gidanka. Sauya mata, ta rasa inda za ta zamna." Don haka gonarmu ba ta ganin shinkafa sau biyu a jere. Shinkafa, albasa, wake, wata shekara dankali ya shimfiɗa ganye ya rufe ƙasa ruf. Can tudu wajen Lahodu, inda muke da gonar damina, in ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya fara leƙowa cikin dawa, sai ya juya ta wake ko gyaɗa, ko da dawa tana tsada.

Na ga lokacin da ruwan dam ya sa mutane sunka koma shinkafa damina da rani. Na ga ciyawar da murfin magani ɗaya ke kashewa ta koma sai biyu, daga baya a fesa ta yi rawaya ta sake miƙewa. Na ga matan unguwarmu suna wuce gonaki da yawa da ƙwarya a ka, ba su tsayawa sai tamu, don nan kaɗai suke tsinkar lalo da tafasa a kunya hankalinsu kwance. Baba bai taɓa korar ko ɗaya ba. Iyaka ya ce, "Ku taka a hankali, albasa ba ta son diddige."

Ba zan ɓoye ba, hanyarsa tana da wuya. Tana cin mai, tana cin baya. Akwai shekarar da munka makara, maƙwabta sunka riga mu kasuwa, ya sayar da albasa rabin kuɗinta. Washegari ya wasa kalme.

Ajali ya same shi ya riga ya sakar wa fili ruwan nan na fari. Muna zaman makoki ciyawa tana tashi. Kafin a yi addu'ar bakwai ta wuce lokacin kankara, ta yi saiwa, ga dashen albasa a bedin da anka yi renonsa yana neman tsufa. Da jama'a ta watse, Baffa Sanda, ƙanen Baba, ya kira ni zaure.

Ya ce, "Usmanu, gobe in sha Allahu zan sa a fesa muku gonar. Ni zan sai maganin."

Na ce, "Baffa, Allah shi saka. Amma a bar muna ita."

"A bar muku mi? Dajin? Wanda ka iya wahalar nan ya tafi. Kai da wa za ku nome ta?"

"Ni da hannuna, da wanda Allah ya kawo."

Ya yi dariyar takaici. "Taurin kan nan dai ba a rufe shi da shi ba. To ji nan. Uwarka tana takaba, ƙannenka bakinsu buɗe. In albasar ga ta ƙi, gonar ta fita hannunka. Zan ba mai shinkafa haya, shi yi ta yadda kowa ka yi."

Na san ba mugunta ba ce, tsoron yunwar gidan ɗan'uwansa yake. Na shiga wajen Inna na faɗa mata. Tana bisa tabarma da carbi, ta ce, "Mi kac ce mishi?" Na ce na yarda da sharaɗin. Ta ce, "To mi kaka jira nan?"

Mun shiga. Ni, da Kulu, da abokaina biyu, sai wasu daga cikin matan da ke tsinkar lalo, sunka zo da kansu suna kwashe abin da munka tuge. Ciyawar da ta yi saiwa ba ta jin kankara, sai tono. Tafin hannuna ya fashe. Masu babur sun tsaya kamar kullum, ɗaya ya ce, "Ashe an bar magaji!" Na ce, "An bari." Mun dasa a makare, kuma ban san abin da albasar za ta yi ba. Mai yiwuwa ta ƙi, gonar ta tafi. Amma duk mai jiran ya gan ni da famfon feshi a baya ina bin fangalan nan daga kai har gindi, ya nemi inuwa ya zauna. Muddin tana hannuna, bayan albasa wake za ta gani.

Ya Allah, ga bawanka Haliru ya zo gare ka. Ka gafarta mishi, ka yalwata kabarinsa, ka sanya kowane ganye da wata ta tsinka a gonarsa ta yi wa 'ya'yanta miya cikin mizaninsa. Ka ba Inna haƙuri, ka raya Kulu da ƙannenmu cikin rufin asiri. Ka saka wa Baffa Sanda bisa niyyarsa. Ni kuma ka ƙarfafa mini baya, ka sa albarka a abin da munka dasa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.