Sannu da Aiki, Mai Haƙa

A gidanmu na ƙauye, da an kwashe kwanukan tuwo sai mu kewaye murhun Kaka Dije. Takan binne gyaɗa a toka mai zafi, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso. Mai surutu ba shi da gyaɗa."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta tsoho mai haƙa. Wai a wani gari mai ƙishirwa wani tsoho ya haƙa rijiya shi kaɗai, har bayansa ya ranƙwafa. Bayan ya rasu aka yi ta sha, aka manta da shi. Yara suka fara tofa yawu a ciki don su ji ƙara, manya na zubar da shara a bakinta. Rannan aka zura guga, sai ya dawo da yashi.

"Rijiya ta yi zuciya, ta tafi," in ji Kaka. "Sai da wata mata ta share bakinta, ta durƙusa ta ce, sannu da aiki, mai haƙa, sannan ruwa ya dawo."

Shi ya sa duk wanda ya tashi a gidanmu ba ya jan ruwa sai ya yi wannan gaisuwa.

Bara na ɗauki hutu daga aikin jinya, ni da 'yata Hanifa muka bar unguwarmu Dagenham a London zuwa ƙasar Sifen, don ganin hanyar ruwan da Rumawa suka gina. Duwatsu ne jibga-jibga, an ɗora wani kan wani har sama, ba siminti. Hannun mutane ne ya yi wannan don wasu su sha.

Da muka matso kusa, zarnin fitsari ne ya fara tare mu. Wani ƙato na zaune yana yanke farcen ƙafa a gindin ginshiƙi. Tsakanin duwatsun kuwa an cusa cingam da guntun sigari, har sun yi baƙi. Ina wanke gyambo a wurin aiki ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar ba.

Ina juyowa na ga Hanifa ta ciro nata cingam daga baki, tana neman gurbi. A London aka haife ta, ruwa a wurinta abu ne da ke fitowa daga famfo. Tsoro ya kama ni, kada jinin Kaka Dije ya zama ɗaya daga cikin waɗannan mutane.

"Kul," na ce.

"Mummy, everybody does it. Ai ba ruwa a ciki ma."

"To, me kike tsammani ya kore shi?"

Na san bututun zamani ne ya kashe hanyar, amma a tsaye a cikin zarnin nan na ba ta tatsuniyar daga farko har ƙarshe. Ta murguɗa baki, ta naɗe cingam ɗin a takarda. Muka koma masauki.

Da ina yarinya na ɗauka rijiya ake lallashi. Yanzu na gane Kaka so take kada mu sha wahalar mutum mu tofa masa yawu.

Makon jiya ina yanka albasa a kicin, Hanifa ta shigo da kofi. Ba ta kalle ni ba. Kafin ta murɗa famfo na ji ta ce ƙasa-ƙasa, da Hausarta ta London, "Sannu da aiki."