Dadda Assu, Mai Gyaran Birkin Tsofaffin Jif na Tizgi

A kan teburin aikin Dadda Assu akwai gwangwanayen kifi guda biyu, ɗaya an ɗaura masa jan zare, ɗaya babu komai. Na shekara ina wucewa ta ƙofar garejin ina ganinsu, ban san amfaninsu ba sai bana. Mai zaren na kayan birkin tayar hagu ne, ɗayan kuma na dama.

Da an idar da sallar asuba yake gangarowa daga gidansa da ke saman gari, da gurasa guda a cikin hular jallabiyarsa. Ya ɗage ƙofa, ya yi shara, ya ɗora shayi da na'ana'a, ya wanke kofi ɗaya. Tun rasuwar matarsa Lalla Tuda shekara bakwai ke nan, kofi ɗayan ne. 'Yarsa Hadda tana aure a Agadir. A bakin ƙofa yake zama ya dangwali man zaitun da gurasar, yana kallon motoci suna haurawa. Wasu direbobin su danna masa ham, yawanci ko hakan ba sa yi, don sun ce ya cika nawa, ga faɗa.

Shekara arba'in da ɗaya yana aiki guda: birkin tsofaffin motocin jif da ke jigilar mutane da tumaki da buhunan siminti tsakanin kasuwar Tizgi da ƙauyukan kan dutse. A bayan kowace tayar baya akwai kwanon ƙarfe, a cikinsa wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu ne, da ake kira layinin, ke buɗewa su kama kwanon idan an taka birki. Layinin yana cinyewa da tafiya, sai birki ya yi nisa. Don haka aka sa wani ɗan ƙarfe mai haƙora, wanda direbobinmu ke kira tauraro, ya riƙa matso da layinin da kansa. Sai dai a irin waɗannan motocin tauraro ba ya juyawa sai an ja birkin hannu. Direbobin Tizgi kuwa ba sa jan birkin hannu. Dutse suke sawa.

Haka suka gada. Direba ya tsaya, ya bar mota a giya, ya diro ya cusa dutse a gindin taya. Kowace matsaya a hanyar tana da duwatsunta, har sun yi sulɓi don shan hannu. Wayar birkin hannu ta yi tsatsa, tauraro ya ƙage, wani bakaniken ma ya cire su ya zubar. Saboda haka duk wata sai Dadda Assu ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya zura sukundireba ta wata 'yar kafa, ya juya tauraron haƙori bayan haƙori. Rabin mutanen kwarin nan sun gangaro lafiya a kan aikinsa ba tare da sun san sunansa ba.

Bassu, direban da ke ɗaukar fasinjan ƙauyen sama, yana ba da labarin abin da ya same shi a duk teburin shayin da ya zauna. Ya kai motarsa wani babban gareji a birni aka zuba mata sababbin kayan birki, har ya fara jan birkin hannu don yanga. Kullum ya ja, birkin ƙafa sai ƙara nisa yake. Ana gobe zai ɗauko 'yan kai amarya su goma sha huɗu, ya biya ta wurin Dadda Assu.

"Dadda, an yi wa motata baki."

"Bakinka dai. Shiga ka ja in ji."

Bassu ya ja. Tsohon ya kara kunnensa a jikin tayar.

"Sake." Ya saurara, sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Sun sa maka na hagu a dama, na dama a hagu. Duk jan da ka yi, kwancewa kake yi da hannunka."

Bassu yakan ƙarasa labarin da cewa, "Wallahi da na gangaro da amaryar nan haka, da tuni kun cinye kuskus ɗin sadakata kun manta."

Kai ne, Dadda Assu, wanda ake tunawa da shi sai fedar birki ta nutse. Kai ne mai kunnen da ke rarrabe ƙarfen da ke matsewa da wanda ke kwancewa. Ban taɓa iya ɗaga ido na faɗa maka wannan ba, gaisuwa kawai nake yi in wuce, shi ya sa na rubuta.

A farkon bazarar bana likitan ido a Azilal ya gaya masa ganinsa ba zai dawo ba, kuma abin da ya saura ma tafiya yake. Hadda ta ce ya koma wurinta da zama, ya ce to, amma sai ya gama da motar asibiti.

Motar asibitin ita ce kaɗai ke ɗauko marasa lafiya da masu naƙuda daga sama. Tana tsayawa ne a gangaren ƙofar asibitin, inda hanya ke miƙewa kai tsaye zuwa cikin kasuwa. Tun da daɗewa wani ya kwashe kayan birkin hannunta, ya ɗaure wayar da igiya. Dadda Assu ne ke matse mata birki duk wata, ba wanda ya sa shi. Idan ya tafi babu mai kwanciya a ƙarƙashinta. Abin da ya rage shi ne ya mayar mata da tauraronta, ta riƙa yi wa kanta aikin da yake yi mata. Wata biyu ya yi yana bin matattun motoci a bayan gidajen mutane, yana lalube da yatsu, har kayan suka cika.

Lalla Itto, ungozomar asibitin, tana tsaye ranar da ya haɗa su, ita ta ba ni labari. Ta ce ido ba ya yi masa komai, hannu ne ke gani. Ya ɗauki tauraro ya bi zarensa da farce ya tabbatar da ɓangarensa, ya shafa giris ɗan kaɗan, ya kiyaye kada ya taɓa layinin. Ya ɗora ɗan hannun ƙarfen da waya ke ja, ya matse ɗan ƙarfen da ke riƙe shi da filaya, ya zaunar da sandar tsakiya. Ƙaramin sifirin ya kuɓuce masa sau uku. Sau uku yana rarrafe a ƙasa yana shafa turɓaya, bai yarda kowa ya ɗauko masa ba. Moha, direban motar, yana jingine yana cin gyaɗa.

"Dadda, duk wahalar nan ta mece ce? Dutse kyauta ne, kuma ban taɓa jin ya tsinke ba."

"Ran da za ka diro neman dutse ta bar ka tsaye, da Lalla Itto da mai ciki a baya, sai ka bi ta da gudu kana ba ta haƙuri."

"Shekarata goma sha biyar da ita, ba ta taɓa yi ba."

"Don duk wata ina ƙarƙashinta ne, ɗan ƙanina. Kai kana sama kana jin rediyo."

Lalla Itto ta yi dariya, Moha bai yi ba. Da aka mayar da kwano da taya, tsohon ya sa shi ya ja birkin hannu ya saki, ya ja ya saki, har sai da hannun ya daina hawa can sama, ya tsaya a ƙara bakwai.

"Ka ji? Bakwai. Duk inda ka tsaya ka ja, ko a fili ne. In ka ja, tana gyara kanta. In ba ka ja ba, wata shida ta koma gidan jiya, ni kuma ba na nan."

"In sha Allahu, Dadda."

"Na san in sha Allahunku."

Ya goge hannunsa da tsumma. Lalla Itto ta ce ya zo a ci abinci, ya ce ya ƙoshi.

Mun gode, Dadda Assu. Mun gode a madadin jariran da aka haifa a gadon asibiti ba a gefen hanya ba, da tsofaffin da suka je kasuwa suka dawo. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka idanu. Ku kuma matasan bakanikai da ke karanta wannan, idan kun buɗe kwano kun ga ɗan ƙarfen da ba ku gane ba, kada ku jefar, ku tambaya. Direbobi, hannun nan yana kusa da cinyarku, ku ja shi.

Ranar Alhamis ce ya tafi, ranar kasuwa. Ba a shirya masa komai ba, don da yawa ba su ma san zai tafi ba. Ya rufe gareji da hantsi, ya ɗauki jakarsa, amma bai nufi tasha ba. Ya haura zuwa asibiti ya tsaya a inuwar wata bishiya da ke tsallaken hanya. Ya fi awa guda a wurin, jakar tana tsakanin ƙafafunsa.

Can motar ta gangaro daga sama da wata mata a kwance a baya. Daga inda yake, fari-fari kawai yake iya gani. Ta tsaya a gangaren, injin ya mutu, ƙofar direba ta buɗe. Ƙafar Moha ɗaya ta sauko ƙasa, ta nufi wajen dutsen da ya saba. Dadda Assu ya karkatar da kansa, ya juyo da kunne.

Ƙafar ta koma ciki. Sai ƙarar ta taso, kas, kas, kas, leɓen tsohon yana motsi yana bin ta har bakwai.

Moha ya diro yana ƙwala wa Lalla Itto kira, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, bai dubi tsallaken hanya ba. Motar tana tsaye cak, babu komai a gindin tayarta. Dadda Assu ya sunkuya ya ɗauki jakarsa, ya ja hular jallabiyarsa, ya bi gefen katanga yana dafa ta da hannu ɗaya, ya gangara tasha.