Taurari Huɗu a Kan Fasasshen Injin Feshi

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi riƙe da makullin siton ƙungiyar manomanmu ta Ƙofa, amma ranar da injin feshin nan ya iso ba ta cikinsu. Ku da kuka shigo aikin daga baya ku gyara zama, ku ji abin da ya sa aka hana kwamiti sa baki a rubutun waya.

Bari in fara da muƙamai, don wanda bai sani ba. Akwai Ciyaman, Alhaji Sale. Akwai Sakatare, Malam Sabi'u, mai takardar koyarwa. Akwai Ma'aji, Malam Garba. Sai ni, Iro mai sito. In an ƙirgo daga sama ni ne na huɗu, in an ƙirgo daga ƙasa kuwa babu wanda ya sha gabana. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare, lokacin da na lura malamai sun fara maimaita kansu, na bar masu makarantar.

Daminar bara waccan, wake ya fara fure, ƙwari sun sauka, tsohon injinmu na hannu kuma ya mutu. Sakatare ya ce akwai kasuwa a cikin waya, an sa hoton injin feshi mai caji, an rubuta ƙarƙashinsa wai ɗan hannu ne amma kamar sabo. Dokarmu ita ce duk abin da zai shiga sito da sunana yake shiga. Don haka a wayata ya buɗe rajistar, da sunana da garina, har da hotona na sallah mai hula zanna. Ya yi odar, ya wuce Katsina kwas na sati biyu.

Yadda abin yake, ba ka ganin mai kaya, ba ka taɓa kaya. Zai ba direba, kai kuma ka je tasha ka amsa. Bayan nan wayar za ta nemi ka ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ka rubuta yadda ka samu kayan, duniya ta karanta. Wanda taurarinshi suka yi yawa shi ke ciniki.

Na je tashar Kankia na ɗauko kwali. Gaskiya kwalin ya yi kyau, har yau ina ajiye fitila a ciki. Aka taru a gaban sito, Ciyaman ya ce shi zai fara gwadawa, tunda shi ne shugaba. Aka cika tanki da ruwa, aka goya mashi bisa farar shaddar da ya sa don taron. Ya danna. Bakin injin bai fitar da ko ɗigo ba, domin zanzaro ya daɗe da gina gida a ciki. Ruwan sai ya nemi wata hanya. Ashe tankin fasasshe ne ta baya, an narka roba an liƙe. Muna tsaye ruwa ya bi gadon bayan Ciyaman, ya ratsa wando, ya taru a takalmi.

"Iro," ya ce, bai motsa ba, "sauke mani wannan abu."

Na kira mai kayan. Yaro ne mai ladabi, wallahi. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya ce ai a hanya ne direba ya fasa. Na ce to direban ne ya liƙe da roba, shi ne kuma ya gayyato zanzaro? Ya yi dariya, ya ce zai canza. Sannan ya yi ƙasa da murya. "Baba, don girman Allah, taurarin nan su ne tuwon 'ya'yana. Ka rufa mani asiri."

Washegari kwamiti ya zauna a kan maganar taurari. Ciyaman ya ce ɗaya, kuma da akwai rabi da shi za a ba shi. Ma'aji ya ce haba Alhaji, mutum mai iyali, ya kira mu da baba, ya yi alkawari, a ba shi biyar don ya ji kunya ya cika. Ciyaman ya ce biyu. Ma'aji ya ce albarka. Haka aka yi ta ja kamar ana cinikin akuya, har aka sallama a kan huɗu, bisa sharaɗin a faɗi gaskiya a rubuce.

Ni ne mai rubutu, da yatsa ɗaya. Kun san ba a faɗa wa mutum magana haka nan tsirara. Na fara da sallama. Ciyaman ya ce a sa gaisuwar shugabanni. Ma'aji ya ce a gaida mahaifan yaron. Na gode mashi da saurin aikowa, na yabi kwali, na yi wa kasuwarshi addu'a. Sannan na shiga maganar tanki, na zuba bayani mai tsawo, na tura. Abin da ban sani ba, gurbin rubutun yana da iyaka, kamar mudu. Tun wajen addu'a ya cika, ni kau kaina na ƙasa ina ta dannawa a banza. Abin da duniya ta gani shi ne taurari huɗu, da hotona, da "Allah ya ƙara buɗi, kaya sun iso."

Daga ranar yaron bai sake ɗaukar wayata ba.

Kwana goma bayan haka ina zaune a bakin sito, sai ga babur daga Dudunni. Malam Tukur ne, surukina, uban mijin ɗiyata. Mutum ne da shekara goma sha ba mu taɓa haɗa ido sosai ba, kuma duk abin da na ce mai kyau ne, haka yake ɗauka. Na shimfiɗa tabarma, muka gaisa, muka sake gaisawa. Sai ya nemi ruwa a bokiti. Na ce ko alwala ce. Ya kwance wani abu daga bayan babur, na ga launin tankin, na gane irin namu ne. Ya cika shi, ya goya, ya juya mani baya ya tsaya. Dattijo mai furfura, ruwa na zuba daga rigarshi.

"Mun ga rubutunka a waya, Malam," ya ce yana kallon bango. "Mutanenmu suka ce tunda surukinka ya yaba, ba sai an yi bincike ba. Biyu muka ɗauka. Ɗayan ya fi wannan zuba."

Ya sauke tankin, ya ɗaure a bayan babur. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Wakensu na can ƙwari na ci, kuma da bakina aka saya.

Yana tafiya na ɗauki waya, ban kira kwamiti ba. Na lalubo wurin gyara, na goge komai. Na rubuta: "Tanki fasasshe ne an liƙe. Baki a toshe. Ya ce zai canza, ya daina ɗaukar waya. Kada ku saya." Babu sallama, babu gaisuwa. Tun da nake ban taɓa yi wa ɗan Adam magana haka ba, sai da na waiga ko wani na kallona. Na bar mashi tauraro ɗaya.

Ban gama shan ruwa ba waya ta yi ƙara.

"Baba! Me na yi maka?"

"A'a, ashe wayar taka na da rai? Mun yi zaton sai ta'aziyya."

"Baba, mutum biyu sun fasa oda yanzun nan. Ka goge, wallahi gobe in aiko."

"Ka aiko, wallahi jibi in duba. Uku ne: namu ɗaya, na Dudunni biyu."

"Na Dudunni ai ba su yi ƙorafi ba."

"Sun yi. A gabana aka yi shi, da bokiti."

Kwana biyu sai ga kaya a tashar Kankia. Nan gaban direba na sayi ruwa wajen mai kura, na cika ukun, na goya ɗaya bayan ɗaya ina feshin ƙasa, 'yan tasha na cewa Baba ya samu aikin kashe gobara. Bayana a bushe. Na koma na rubuta yadda aka yi tun daga farko, cewa na farko fasasshe ne, kuma sai da aka rage mashi taurari ya canza. Na ba shi uku. Ya kira ya ce Baba a ƙara. Na ce kwamitin ciniki ya tashi.

An yi feshi a makare. Furen farko ya tafi, na biyu ya kama, Dudunni ma sun samu abin sawa a rumbu.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. A kasuwarmu kana iya yabon kayan mutum don kara, domin mai saye na tsaye da idonshi da hannunshi, zai duba. A kasuwar waya kuwa bakinka shi ne idon wanda ke Dudunni. Karar da na yi wa yaron da ban taɓa gani ba, surukina ne ya biya ta da rigarshi da wakenshi. Masu sayarwar kuma ba duka mugaye ba ne, kunnensu ne kawai aka dasa a jikin taurari.

Na daɗe ban san matsayina a wajen Malam Tukur ba, sai bayan kaka da muka haɗu a kasuwa yana taya wani bijimi. Ya matso, yana kallon ƙasa yadda ya saba.

"Malam, ya kake ganin san nan?"

Na ce, "To, Allah ya sa albarka, mai shi mutumin kirki ne, kuma..."

"A'a," ya ce. "Irin rubutu na biyu nake so."

Na ce ƙafar baya na ɗingishi. Ya saki igiyar, muka wuce rumfar mai shayi tare.