Ƙarfen Cikin Kwalba

Ba na son warin kananzir. Ko a tasha na ji shi, sai na sake hanya.

Ina ɗan shekara tara, Baba yana gadi a wata lakwal, makarantar boko, cikin Tawa. Ran nan aka share tsohon ɗakin gwaje-gwaje, aka ba shi tarkace ya zubar. Mu a gidanmu ba a zubar da kwalba. Ya zo da wata babba cike da kananzir, a gindinta wasu dunƙule masu ruwan toka. Ya sa wuƙa, ɗaya ya yanku kamar sabulu, cikinsa yana ƙyalli.

Kakana maƙeri ne, a bakin zugazugi ya tsufa. Ya duba ya ce, "Ƙarhen da wuƙa ka yanka, ban san shi ba. Maida musu abinsu."

Ba a mayar ba. Damina ce, fitilarmu ba mai. Da hantsi, bayan Baba ya fita, Inna ta tsiyaye kananzir ɗin, ta juye dunƙulen a tasar da ta wanke. Da sauran ruwa a ciki. Abin ya hau huci yana zagaya tasa, sai ga harshen wuta rawaya, dab da zana. Inna ta sunkuya za ta janye tasar.

Ka san abin da aka koya wa kowane yaro. Wuta, ruwa. Na cika ƙwarya a randa, na sheƙo da gudu. Na ji Kaka yana ihu, "Kai! Bari!" Na riga na watsa.

Ƙarar har yau tana kunnena. Abin ya fantsama a fuskar Inna. Tsakar gida duk laima, sai Kaka ya kwaso busasshen yashin ɗakinsa ya binne wutar. Wutar ta mutu shiru.

A asibiti an wanke idanun, ba su dawo ba. Baba ya tambaya, "Wa ya zuba ruwa?" Inna ta ce, "Ni." Kaka ya dube ni. Baba da Kaka sun rasu, maganar tana nan yadda Inna ta bar ta.

Yanzu kabu-kabu nake yi. Wani mushe, malamin lakwal, da na ɗauka ya faɗa mini sunan ƙarfen, ban riƙe ba. Ya ce yaran yau suna karanta shi a aji.

Inna tana garin Barmou wajen ƙanwata. Bara na tambaye ta ko tana tuna fuskata. Ta shafa furfurar gemuna.

"Wannan tsohon ban san shi ba," in ji ta. "Nawa yaro ne, da ƙwarya a hannu, yana gudu ya cece ni."