Kebul ɗin da Na Zare a Yamai

Da ana dawo da abin da ya wuce, da na mayar da wani jan kebul inda na zare shi a Yamai. Ɗana Kabiru yana can yana karatun wutar sola. Wata Lahadi a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi, Malam Sabo mai shagon caji a kasuwar Tarauni ya miƙo min wayarsa. Bidiyon Kabiru ne yana rawa cikin fitilu masu launi.

"Alhaji, ga hasken ranar da ka tura shi nema," in ji Sabo.

Aka yi dariya. Ashe sai da ya zagaya majalisar da shi kafin ya zo kaina.

Talata: Kano zuwa Maraɗi

Na fita huɗu da rabi, kafin kiran sallah. Mahaifiyarsa ta biyo ni zaure tana cewa, "Malam, ka kira shi mana tukuna." Na ce ba maganar waya ba ce. Adaidaita ta kai ni Ƙofar Ruwa, a can na yi asuba. Motar ba ta cika ba sai bakwai. Mun shiga Katsina goma da rabi, muka wuce Jibiya. Shinge kuwa har na gaji da ƙirgawa, kowanne sai an sauke mu.

"Baba, me za ka yi a Nijar?" wani mai shinge ya tambaye ni.

"Ɗana zan ɗauko."

"Ɓata ya yi?"

"Kusan haka."

Mun isa Maraɗi da la'asar. Na ci dambu da zogale, na kwana kan tabarma a tashar bas.

Laraba: Maraɗi zuwa Yamai

Bas ta tashi huɗu na asuba. Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, kilomita ɗari shida da ɗoriya, ina ta tsara faɗan da zan yi. Bayan isha'i muka sauka. Ban nemi ɗakinsa ba, bidiyon na nuna wa mai tasi.

"Alhaji, wurin nan ba na irinku ba ne."

"Kai ni kawai."

Wani lambu ne a bakin kogi. Na hango Kabiru cikin masu rawa. A bayan lasifikoki an jera batura, ga wani ɗan akwati mai koriyar fitila. A unguwarmu, idan 'yan biki suka wuce ƙarfe goma, dattijo ba ya gardama da kowa, janareta yake zuwa ya kashe. Na sha yi. Na kama jan kebul ɗin na fizge.

Kiɗa bai tsaya ba. Koriyar fitilar ce kawai ta mutu.

Kabiru ya gan ni, ya zo ya durƙusa. Sai idonsa ya kai hannuna.

"Baba, me ka zare?"

"Abin da ya hana ka karatu."

"Karatun ne ka zare, Baba."

Ya yi min bayani a tsugune. Akwatin yana rubuta yadda baturan da suka sha rana suke riƙe wuta har asuba. Ya zaɓi lambun ne don nan ake cin wuta kowane dare. Malaminsa yana son dare casa'in a jere ba yankewa, wannan ne na tamanin da uku.

"Rawar fa?"

"Na yi, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Da ka tambaye ni da na faɗa maka."

Alhamis: Yamai

Na je wurin malamin, wani dattijo Bazabarme. Na cire hula na ba shi haƙuri.

"Alhaji, ba laifina ka yi ba balle in yafe," in ji shi. "Giɓi ya shiga, sai a sake daga dare na ɗaya. Ba zai gama da 'yan ajinsa ba, sai baɗi."

Juma'a da Asabar: komawa

Kabiru ya raka ni tasha ɗauke da jakata. Ya ba ni kilishi ya ce na mahaifiyarsa ne. Ya juya ya tafi. Na sake kwana a Maraɗi, na shigo Gyaɗi-Gyaɗi Asabar da magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya.

Washegari na bi ta shagon Sabo.

"Alhaji, ka taho da ɗan rawar?"

Na ɗaga kai na kalli farantin solar da ke kan rufinsa, wanda Kabiru ya ɗaura masa kyauta da hutun bara. Wayoyi jere suna shan wutar ɗana, har da wadda aka yi min dariya da ita. Na wuce abina, don Sabo bidiyo kawai ya nuna, hannun da ya zare kebul nawa ne.

Rawar har yanzu ba na sonta, kuma zan faɗa masa ranar da ya koma kirana kamar da. Roƙona gare ku, iyaye 'yan'uwana: idan aka nuna muku ɗanku a majalisa, ku kira shi tukuna. Kada ku yi irin tawa.