Tsinkaye Biyu daga Assakio

Shekaruna da yawa ina ɗinkin takalma, fuskokin da suka tsaya a gaban teburina kuwa na manta fiye da rabinsu. Amma akwai wata kasuwar Kirsimeti guda ɗaya da ba na jin za ta fita daga raina, ko da tsufa ya fara yi mini sata a ƙwaƙwalwa.

A lokacin ban daɗe da fara cin gashin kaina ba. Ina aikin fata a zauren gidanmu a cikin Lafia, takalman maza da na mata, da 'yan jakunkuna. Sai na ji wasu mata sun shirya kasuwa ta kwana biyar a filin wata makaranta da ke hutu, ta masu aikin hannu zalla, za a tashi ranar jajiberin Kirsimeti. Na je na karɓi rabin tebur a ƙarƙashin kanofi. Ɗaya rabin na wata madam ce mai ƙera sarƙoƙi da 'yan kunne na duwatsun ado, mace mai jiki da ƙarfin murya, wadda tun ranar farko kayanta suka fara rarrafowa cikin nawa.

Gara in faɗi halina tun yanzu. Ina da baki, kuma ina ji da Hausata. Kowa ya san yadda ake magana a garinmu, inda kusan kowa yake da yarensa na gida, Hausa kuwa ta kasuwa ce. Mutane da yawa ba ruwansu da bambanta namiji da mace, kowa "ya" ne. Madam za ta ce, "Wancan mata ya tambayi kuɗin jaka," sai in ce, "Ta tambaya, Madam, ta." Ta harare ni ta ce, "Malam, ka gane ko ba ka gane ba?" In yi dariya. Haka muka wuni ranar farko, ni ina ganin wasa nake, ita kuwa na san yanzu ba daɗi take ji ba.

Rana ta biyu da hantsi wata tsohuwa ta tsaya a gabana. Daga ganinta manomiya ce, hannuwanta duk sun yi kanta. Ta daɗe tana jujjuya wani takalmi tana duba ɗinkin, kafin ta tambaya ko ni nake yi da hannuna. Na ce ni ne. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da tsinkayen tsintsiya guda biyu, ta jera su a kan tebur a hankali. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kamar gaɓar yatsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mutanen ƙauye sukan auna ƙafar mai takalmi da tsinke su zo da shi kasuwa. Tsinkaye biyu masu bambancin tsawo ne ban taɓa gani ba.

Ta ce daga Assakio take. "Yaro na ne. Mota ya buge shi a hanyan Makurdi, shekara biyu ke nan. An yi aiki a ƙafan hagu, ya gajarce, ya kuma ƙanƙance. Yanzu ya fara tafiya kaɗan kaɗan da sanda." Ta ce sun zagaye kasuwa ba takalmin da ya shiga ƙafafun biyu. Ta nuna mini da yatsunta biyu irin kaurin da za a ƙara wa ƙasan na hagu. Sannan ta rage murya ta ce, "Tun da abin ya faru bai shiga coci ba. Ya ce ba zai je da silifas ya na ɗingishi mutane su na kallo ba. Ni kuma na yi alkawari, wannan Kirsimeti zai shiga da takalmi mai kyau."

Tausayi ya kama ni sosai. Na ce, "Mama, ki dawo ranar ƙarshe, za ki same shi in sha Allahu." Ban tambaye ta komai ba bayan haka. Ko launi ban tambaya ba, balle shekaru ko suna. Na riga na zana saurayin a raina, dogo, ramamme, mai kunya, kuma na ga irin takalmin da zai dace da shi.

Ban taɓa zuba wa aiki hankali kamar wannan ba. Na zaɓi baƙar fata mafi kyau da nake da ita. Na jera sol, wato ƙasan takalmi, hawa uku a na hagu, na sassaƙe shi yadda mai kallo daga nesa ba zai lura ba, na sa laushi a ciki. Saman kuwa na yi shi da faffaɗan maɗauri mai gicciye da ƙaton ƙarfe a gefe, irin wanda manyan maza ke sawa da kaftani. A nan teburin nake ɗinki tsakanin ciniki da ciniki, duk wanda ya tsaya sai na nuna masa. Har Madam ta ɗauka ta duba ta ce aiki ya yi kyau, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Ranar ƙarshe filin ya cika maƙil, kowa na sayen tsarabar da ya bari sai ƙurarren lokaci. Bayan azahar na hango tsohuwar ta sauko daga keke napep a bakin ƙofa, ta juya tana taimaka wa wata budurwa mai sandar asibiti. Yarinyar za ta yi ashirin da 'yan kai, ta sha sabon kitso, ta sa doguwar rigar atamfa. Sun ɗau lokaci kafin su iso wurina. Na gaishe su, na ɗauko takalmin daga leda, ina ta leƙen bayansu.

Na ce, "Mama, ina yaron?"

Ta dafa kafaɗar budurwar ta ce, "Ga shi nan."

Ni da aka haifa a Lafia, ni da na wuni ina gyara wa mutane "ya" da "ta", ban tuna cewa a bakin iyaye da yawa a nan duk abin da suka haifa yaro ne ba. Na tsaya riƙe da takalmin maza, baƙi wuluk, a gaban yarinya mai sabon kitso. Ita Hausarta tas take, a gari ta yi makaranta. Ta kalli takalmin ta ce a hankali, "Mama, ai na maza ne."

Abin da na yi bayan haka shi ne ya fi ba ni kunya har yau. Maimakon in ba da haƙuri, sai bakina ya riga ni, na ce, "Ai yaro kika ce, Mama." Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Gaskiya ne, ɗana. Hausa na ne ba kyau. Laifi na ne." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yarinyar ta gyara riƙon sandarta ta ce, "Ba komai, Mama, mu tafi. In zauna a gida gobe, ai ba yau na fara ba." Ba ta yi kuka ba, kuma wannan rashin kukan ya fi komai taɓa ni.

Madam ce ta katse mu. Ta turo kujerarta ta roba ta ce, "Malam, surutu ba zai ɗinka takalmi ba. Bari ya zauna ya gwada tukuna." Wannan karon ban gyara mata ba. Yarinyar ta zauna ba don tana so ba, na durƙusa na sa mata. Ƙafar hagun siririya ce, ga tabon ɗinki har idon sawu. Takalmin ya zauna daram a ƙafafun biyu. Da ta miƙe sai na ga kafaɗunta sun daidaita, ita ma ta ji haka a jikinta, don ta tsaya cik tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Ƙasan bai ci mini ƙafa ba."

Na ce to saman kawai za a sake. Matsalar ita ce ƙarfe shida za a tashi kasuwa, su kuma sai sun kama motar Assakio da sauran rana, fatar mata kuwa ba ni da ko guntu a wurin. Sai idona ya faɗa kan wata jakar hannu mai ruwan zuma da na rataye a gaba, wadda na fi alfahari da ita a duk kayana. Na sauko da ita na sa almakashi. Madam ta zazzage gwangwanin duwatsunta a faranti ta ce wa yarinyar ta zaɓi waɗanda suka dace da atamfarta. Ta zaɓi farare da ruwan goro.

Na farke baƙin maɗaurin, na yanka sirara guda uku uku daga fatar jakar, ina huda da basilla ina miƙa wa Madam tana jera duwatsu a kai. A daidai lokacin ne ciniki ya fi zafi a duk kwanakin biyar, mutane na tsayawa a gaban sarƙoƙinta, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi, sai dai ta ce, "Kastoma, abeg, ka zaga ka dawo." Wasu sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Da aka kira la'asar na tafi salla a guje, na dawo na tarar tsohuwar ta tsaya a kan teburina tana gadi, har ta hana wani ɗaukar takalmi wai sai mai shi ya zo. Yarinyar kuma ta fara hira da Madam, na ji dariyarta karo na farko.

Biyar ta wuce lokacin da na ɗaure zaren ƙarshe. Wasu sun fara naɗe kanofi. Na sake durƙusawa na sa mata, yatsuna duk gam. Ta juya ƙafar dama ta kalla, ta juya ta hagu ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙa wa mahaifiyarta sandar ta ce ta riƙe mata. Ta taka ɗaya, ta tsaya, ta taka na biyu. A hankali ta nufi ƙofar makarantar ita kaɗai, tsakanin masu kwashe kaya, da ɗan ɗingishin da sai wanda ya sani zai lura.

Tsohuwar ta rungume sandar a ƙirjinta, hawaye na bin fuskarta. Ta taɓa hannuna ta ce, "Ka gani, ɗana? Ya na tafiya."

Na ce, "Na gani, Mama. Yana tafiya."

Ban ƙara ganinsu ba, amma daga ranar na canza. Duk wanda ya kawo mini aiki sai na tambaye shi wa zai sa, ina za shi da shi, me yake so, ko da ina ganin na gane. Kuma na daina yi wa Hausar kowa dariya. Matar nan ta bar yarenta ta lallaɓo cikin nawa don ta faɗa mini abin da ya fi damunta a duniya, kuma ta faɗa iya ƙoƙarinta. Ni mai harshen ne na kasa saurare, kuma saura kaɗan 'yarta ta sake yin Kirsimeti a ɗaki saboda tambaya ɗaya da na ga na fi ƙarfin yi.