Kwandon Kayan Ummi Ya Je Argungu

Har yau ban manta da wata safiyar Talata a cikin zafin bara waccan ba, lokacin ina wata uku kacal da fara aiki a wannan asibitin dabbobi namu na Gwadangaji. Ku sababbi ku sani, a lokacin mu uku ne: Likita, mataimakinsa Malam Nasiru mai allura, sai ni Saratu, mai shara da wanke keji. Dokar Likita ita ce mai shara ba ta ba kowa shawara. Ni kuwa da ko firamare ban gama ba, ga goyon Ummi wata bakwai, ina riƙe da dokar nan hannu biyu, don aikin ne abincinmu.

Ran nan Likita da Malam Nasiru sun tafi ruga yi wa shanu rigakafi. Aka bar mini saƙo ɗaya: za a zo ɗaukar wata farar kyanwa da aka yi wa ɗinki a ƙafa, in miƙa ta da katin rigakafinta, shi ke nan.

Da hantsi sai ga Alhaji Garba, wani mai fataucin albasa daga Badariya, da mahaifiyarsa Inna Kulu a bayan mota. Kyanwar ta Inna ce, kuma ranar za a mayar da tsohuwar Argungu da zama. Alhaji ya shigo yana kaɗe buhun shinkafa, irin na leda.

Ya ce, "Ɗiyata, kamo muna mussar ga mu tahi." Mussa dai kyanwa ke nan a bakinmu.

Na ce, "Alhaji, cikin buhu?"

"To cikin mi? In tag ga hanya, gobe kina iske ta Badariya. Haka kakanninmu ka yi. A ɗaure baki, a sa ta but."

Na leƙa but ɗin motar, ga albasa cike, ga ƙarfe ya ɗau zafi. Tafiyar kusan awa guda ce. Ina shara ina saurare, na sha jin Likita yana cewa in kyanwa ta buɗe baki tana haki kamar kare, to ta kusa mutuwa. Sai na ji gumin Ummi yana bin bayana, ita da take cikin inuwa ma. In na yi magana na karya doka, in na yi shiru wannan dabba ba za ta ga Argungu ba.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba ta kaiwa da rai."

Ya yi dariya. "Ikon Allah! Yau mai tsintsiya ta zama likita?"

Na je na durƙusa a ƙofar mota na gaida Inna, na faɗa mata. Ta ce, "Tun rasuwar malam mijina ita ka kwana ƙafafuna. Amma ɗiyata, in tag gudu fa? Ni ba ni iya biɗarta."

A nan na gane ba buhun suke so ba, kada ta ga hanya suke so. Na shiga na zazzage kayan Ummi daga kwandon kaba mai murfi da nake zuwa da shi. Na roƙi Inna tsohon zane. Na raba shi biyu, na shimfiɗa rabi a kwandon don kyanwar ta ji ƙanshin uwar ɗakinta, na ba ta ruwa ta lasa, abinci kuwa na hana, don kada ta yi amai a hanya. Na ɗaure murfin da igiya, na yayyafa wa sauran zanen ruwa na lulluɓe sama, na bar gefe iska na shiga.

Na ce, "Ga shi, hanya ba ta gani, iska tana samu. Inna, a cinyarki za ta zauna, a sauke gilashi kaɗan. In kun isa a rufe ta ɗaki kwana uku kafin ta fita tsakar gida."

Alhaji ya ce, "Mussa a kujera, albasa a but. To, mun ji."

Da Likita ya dawo na faɗa masa komai, har na fara tunanin abin da zan gaya wa maigidana in an sallame ni. Likita ya tambaye ni, "Wa ya koya miki hana abinci?" Na ce a bakinsa na tsinta. Ya ce daga yau duk dabbar da za ta yi tafiya, ni zan shirya ta.

Bayan mako guda Alhaji ya dawo mini da kwandona, cike da busasshen kifin Argungu, ga farin gashi maƙale a kabar. Ya ce, "Inna na gaishe ki. Mussa na nan lahiya lau, ko ƙofa ba ta nufa ba. Ba na gaya miki ba? Don ba ta ga hanya ba ne!"

Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mai dabba in ya zo da buhu, kada ku tsaya musu da shi. Ku tambayi abin da yake tsoro, ku ba shi maganin tsoron, sannan ku karɓe buhun. Na Alhaji yana nan bayan ƙofa, shara nake kwashewa da shi.